HIRA A GINDIN GAWO: Zuciya mai tiya biyu

Manoma da makiyaya na Bazaga, da na Konni, da na Malbaza, da na Illela, muna yi muku barka da kaka.

Wannan lokacin lissafi ne. Manomi yana ƙidayar dammansa kafin ya sa su cikin rumbu. Makiyayi yana ƙidayar bisashen da sunka sauko daga arewa. Mai bin bashi yana ƙidayar kwanaki. To, akwai wani lissafi wanda ba mu cika yi ba, ga shi kuwa ya fi sauran wuya. Shi ne mutum ya zauna ya bincike zuciyarsa. A kansa za mu yi hirar wannan wata.

TIYAR SAYE DA TIYAR SAIDAWA

Kowa ya san ɗan kasuwa mai tiya biyu. Yana da babba ta saye, yana da ƙarama ta saidawa. Da kaka in ka kai masa hatsi, sai ya ɗauko babbar, ya cika ta har tana zuba. Da bazara in rumbunka ya ƙare ka komo saye, sai ya ɗauko ƙaramar, ya shafe bakinta da hannu. Ba mai son irin wannan mutum. Cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan masu wannan hali, wato Suratul Muɗaffifina. Akwai kuma labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu ya yi wa gargaɗi a kan tauye awo, sunka ƙi ji, sunka halaka.

To, ƴan uwa, mu dubi ƙirjinmu. Zuciyar ɗan Adam ita ma tiya biyu gare ta. In za ta auna laifin wani, babbar take ɗauka. In laifin naka ne, sai ta ɗauko ƙaramar. Alherin da ka yi wa mutane, da babbar take auna shi. Wanda anka yi maka kuwa, da ƙaramar. Shi ya sa magabata sunka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ɗan kasuwa dai ya san tiyoyinsa biyu ne. Mu kuwa ba mu sani ba, nan kuma haɗarin yake. Sai ka ga mutum ya cuci maƙwabcinsa, yana rantsuwa shi anka cuta, har cikin ransa kuwa ya yarda da abin da yake faɗi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Malamai sun daɗe da sanin wannan ciwo. Sun ce rai hawa uku ne. Akwai rai mai tura mai shi ga ɓarna, an ambace shi cikin Suratu Yusuf. Akwai rai mai zargin kansa in ya yi laifi, an ambace shi cikin Suratul Ƙiyama. Akwai rai mai natsuwa, an ambace shi cikin Suratul Fajri. Ƴan uwanmu Kirista su ma suna da irin wannan gargaɗi a kan yaudarar zuciya, cikin littafin Annabi Irmiya. Ciwon bai bar wata ƙabila ba, bai bar mai gona ba, bai bar mai garke ba.

MAGANGANU HUƊU DA ZUCIYA KE RAƊA MANA

Zuciya ba ta cewa mutum: tashi ka yi zalunci. Da haka take faɗi, da ba wanda zai bi ta. Lallashi take yi, da magana mai daɗi. Ga huɗu daga cikin maganganunta.

Ta farko: "Ai ɗan kaɗan ne."

Manomi yana shuka bakin burtali. Sai zuciya ta ce masa: ƙara layi guda, wa zai gani? Ga iyali sun yi yawa, ga gona ta gaji. Sai ya ƙara. Mu yi lissafi tare. A ce burtali faɗinsa taku 50 ne. Mai gonar gabas ya ci taku 1 kowace damana, mai gonar yamma shi ma ya ci taku 1. Bayan shekara 20 an cinye taku 40, saura taku 10. Garken shanu ba ya wucewa cikin taku 10 ba tare da ya taɓa shuka ba. Ranar da shanu sunka taɓa, mai gona zai yi kuka an yi masa ɓarna, ya manta a kan hanyar shanu ya yi shuka. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ƙasar wani, ko da faɗin tafin hannu ce. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

Makiyayi shi ma yana jin wannan raɗa. Ga shi bakin gona da dare. An yanke hatsi amma ba a kwashe damma ba, wake kuma yana nan bai gama nuna ba. Sai zuciya ta ce: kara kawai za su ci, bakin gona kawai za su taɓa. Wani kuma sai ya tura ƙaramin yaro da garke, ya koma ya kwanta. Ya san yaron ba ya iya tsare su. Da safe in an zo ƙara, sai ya ce laifin yaro ne. Wannan shari'a tsohuwa ce. Suratul Anbiya ta ba da labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu suna hukunci a kan gonar da tumaki sunka shiga da dare.

Ta biyu: "Kowa ma haka yake yi."

Mai nono ta ƙara ruwa cikin ƙwarya. Mai hatsi ya bar tsakuwa da ƙaiƙayi a gindin buhu. Mai albasa ya jera manya a baki, ya ɓoye ƙanana da ruɓaɓɓu a ciki. Dillali ya san saniya tana tari, ya yi shiru. Duk abin da suke faɗi ɗaya ne: kasuwa ce ta gaji haka. An ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai saida abinci, ya cusa hannu cikin tarin, ya iske na ƙasa jiƙaƙƙe ne. Ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani, ya kuma nuna masa cewa algus ba halin musulmi ba ne. Mu duba albasar Galmi. Sunanta ya kai Abijan, ya kai Akara, ya kai Kwatano. In mai saye a can ya kwance buhu ya iske ruɓa, bai san sunan wanda ya cika buhun ba. Sunan ƙasarmu ya sani. Kome za a rage na kuɗi baɗi, a kan mai gaskiya da mai algus za a rage shi.

Ta uku: "Wannan ba dukiyar kowa ba ce."

Mutum ya karɓi iri ko takin zamani bashi daga ƙungiyar manoma. Ya ɗauki hatsi daga rumbun tsimi na gari da bazara, da alkawarin mayarwa da kaka. Kaka ta zo, sai zuciya ta ce: ai kayan gwamnati ne, ai kayan taimako ne, ba wanda zai kwana da yunwa don ban biya ba. Alhali akwai. Shi ne wanda zai zo baɗi ya iske rumbun wayam. Haka abin yake a gonakin noman rani na Konni da na Galmi. Ruwa bi da bi ake ba da shi. Wanda gonarsa ke kusa da bakin ruwa, in ya tashi da dare ya buɗe ba ranarsa ba, cewa yake ruwa na Allah ne. Gaskiya ne, na Allah ne. Amma shukar da ta bushe a ƙarshen hanyar ruwa ta wani bawan Allah ce, mai mata da ɗiya kamarsa.

Ta huɗu: "Bari in yi, na tuba daga baya."

Wannan ita ce ta ruɗi ƴan uwan Annabi Yusuf. Tun kafin su jefa ƙanensu cikin rijiya sun riga sun shirya cewa bayan haka za su koma mutanen kirki. Ubansu Annabi Yaƙubu, da sunka kawo masa riga da jinin ƙarya, ya gane cewa zukatansu ne sunka ƙawata musu abin. Sun yi shekaru masu yawa ɗauke da wannan kaya. Mai cewa zai tuba baɗi, wa ya ba shi takardar cewa zai ga baɗi?

INDA ƘARAMAR TIYA KE KAI MU

Kada wani ya ce wannan hirar malamai ce kawai. Akwai jini cikinta.

In manomi ya yi shekaru yana auna laifin makiyayi da babbar tiya, makiyayi shi ma yana auna na manomi da babbar, to ranar da anka yi ɓarna kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. Sai zuciya ta kawo maganarta ta ƙarshe, wadda ta fi duka muni: "Su ne sunka fara, kuma duk halinsu ɗaya." Daga nan ba a neman wanda ya yi laifi. Duk wanda anka tarar, shi ke biya.

A watan Oktoba na shekara ta 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, jihar Maraɗi, rikicin gona ya kai ga kashe Filani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A watan Nuwamba na 2014 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum wajen 10 a nan ƙasar Konni. A watan Nuwamba na 2016 kuma, a Bangi cikin ƙasar Madawa, an rasa kusan mutum 20. Ku lura da watannin. Duk lokacin kaka ne, lokacin da muke ciki yanzu.

Waɗanda sunka ɗauki makami a waɗannan ranaku ba daga sama sunka faɗo ba. Mutanen ƙauye ne kamarmu, masu zuwa kasuwa, masu zuwa suna da jana'iza. Gona nawa ce ta kai ran yaro guda? Hankali ya san amsa. Amma in zuciya ta hau, hankali sauka yake yi.

HAR CIKIN AIKIN LADA TAKE SHIGA

Wani zai ce: ni dai ina salla, ina azumi, ina fid da zakka, zuciyata ba ta iya ruɗina. To, a nan ma tana da hanya.

Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, kashi 1 cikin 10 ake fitarwa, wato dami guda cikin goma. Wanda anka shayar da wahala da kuɗi, kashi 1 cikin 20. Mai tumaki ko awaki 40 yana fid da guda. Mai shanu 30 yana fid da maraƙi. Wannan kowa ya ji shi a bakin malamai. Amma wane dami ake warewa? Sau da yawa sai ka ga ƙaramin ne, ko wanda tsutsa ta ci. Wace akuya ake kamawa? Sai ka ga ramammiyar ce. Wani kuma yana ba da mai kyau, amma sai ya kai wa wanda zai yabe shi a dandali, ya tsallake gwauruwar da ke bayan gidansa, don ita ba ta da bakin da zai kai labari.

Suratul Ƙalam ta ba da labarin wasu masu lambu. Sun haɗa baki za su yi sammako su girbe kafin matalauta su farka. Da sunka isa, sunka iske lambun ya ƙone ƙurmus. Sai a lokacin sunka gane su ne azzalumai, sunka shiga zargin juna. Akwai kuma hadisin da ya nuna cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar lahira akwai jarumi, da malami, da mai kyauta, waɗanda sunka yi aikinsu don a faɗi sunansu. Aikin a ido mai kyau ne. Niyya ce ta ruɓe, kamar albasar tsakiyar buhu.

MALAMAI BIYU DA SUNKA TUHUMI KANSU

Mu ɗauki misali daga gida. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da sunka taso daga Futa Toro, a ƙasar Konni sunka zauna. Shi kansa Shehu a Maratta anka haife shi, kusa da Galmi, a shekara ta 1754. Ƙanensa Malam Abdullahi babban malami ne, shi ya jagoranci jama'ar Shehu a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, sunka yi nasara.

Wajen shekara ta 1807, ana cikin yaƙi da Gobir, Malam Abdullahi ya dubi jama'a ya ga abin ya sake. Mutanen da sunka fito don gyaran addini sun koma neman sarauta da dukiya da girma, har suna faɗa da juna a kansu, an bar kula da masallatai da makarantu. Ya ba da labarin wannan da kansa cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin lura shi ne bai ware kansa ba. Ya lissafa kansa cikin masu laifin, har ya sa kansa a gaba. Sai ya bar runduna ya nufi gabas, da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano, mutane sunka tsai da shi, ya kuma iske a can ma abin da ya gudo dominsa yana nan. Sai ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda mai mulki zai yi adalci, sannan ya komo gida. Tafiya ba ta raba mutum da zuciyarsa. Duk inda ya sauka, tare suke sauka.

Na biyu shi ne Imamu Gazali, wanda har yau ake karanta littattafansa a zaurukan malamanmu. Shi ne babban malamin makarantar Bagadaza, almajiransa sun kai 300, sarakuna suna girmama shi. Wata rana ya zauna ya bincike niyyarsa ta karantarwa. Sai ya iske suna da ɗaukaka yake nema. Ya yi wata 6 yana ja-in-ja da zuciyarsa. Da safe ya yi niyyar barin kujera, da marece zuciya ta ce masa: in ka bari ba ka ƙara samun irinta. A shekara ta 1095 ya bar kome ya fita. Ya yi shekaru yana gyaran kansa, cikinsu ya rubuta littafin Ihya'u Ulumiddini. Ya rasu a 1111.

Ƴan uwa, in malamai irin waɗannan ba su amince wa zukatansu ba, ni da kai fa?

Masu binciken zamani su ma sun iske haka. A shekara ta 1979 wasu masu bincike biyu a ƙasar Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, sun tambayi mata da mazansu, kowa shi kaɗai, yawan aikin gida da yake yi. Da anka haɗa abin da miji ya faɗi da abin da mata ta faɗi, a yawancin gidajen sai lissafi ya zarce aikin da ke akwai. Dalili kuwa, kowa ya fi tuna wahalar da ya sha da kansa. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san wannan. In an tashi, kowa gani yake kunyarsa ta fi tsawo.

ABIN DA IMANI KE YI MANA

Ba a gane tiya ƙarama ce sai an gwada ta da ta gaskiya. In zuciya ce mai awo, ita ce kuma mai shaida, ita ce alƙali, to kullum mai ita ne zai ci shari'a. Ana bukatar ma'aunin da ba mu munka ƙera shi ba. Imani yana ba mu abu uku.

Na ɗaya, yana ba mu iyaka wadda ba ta matsawa. Halal da haram ba su sakewa don bana damana ba ta yi kyau ba, ko don mai gonar baƙo ne, ko don mai garken ba ya jin Hausa sosai.

Na biyu, yana ba mu shaida wanda ba ya barci. Yawancin abubuwan da munka lissafa a sama da dare ake yin su, ko a gindin buhu, ko a bayan idon mai abu. Wanda ya tabbata Allah yana ganinsa, dare da rana ɗaya suke gare shi. Malamai suna kiran wannan ihsani. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru yana yi wa mutane nasiha su yi wa kansu hisabi tun ba a yi musu ba.

Na uku, yana buɗe mana ƙofar tuba. Wannan babban abu ne. Abin da ke hana mutum duba laifinsa shi ne tsoron kunya. Wanda ya san Ubangijinsa mai gafara ne, yana iya buɗe buhunsa har gindi ya duba, don ya san in ya iske ruɓa akwai magani.

Amma mu yi hattara. Salla da azumi ba su biyan bashin mutane. Annabi ya ba sahabbansa labarin matsiyaci na gaskiya. Shi ne wanda zai zo ranar lahira da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zub da jinin wani. Sai a yi ta ɗibar ladarsa ana biyan mutane har ta ƙare.

YADDA ZA MU YI LISSAFIN

Imamu Gazali ya kwatanta zuciya da abokin ciniki wanda ba a sakar wa jaka. Da safe a yi sharaɗi da shi, da rana a sa masa ido, da dare a yi lissafi. Ga yadda manomi da makiyayi za su iya yi.

1. Bayan sallar asuba, ka ambaci abu guda da ka san nan ne rauninka. Kai ka san shi, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ka ce: yau ba ni taɓa iyaka, ko yau ba ni sakin garke sai na ga inda ya nufa.

2. Da rana in abu ya taso, ka juya tiya. Kai manomi, ka ce: da ni ne mai shanun nan, na kwana uku ina neman hanyar zuwa ruwa, me zan so a yi mini? Kai makiyayi, ka ce: da wannan waken shi ne abincin ɗiyana na shekara, me zan so a yi mini? Ke mai nono, ki ce: da ni ce mai saye fa?

3. Ka san alamun ruɗi. In abu yana bukatar duhu, ko ba ka son maƙwabci ya gan ka kana yinsa, akwai magana. In ka ji zuciya tana jero maka dalilai da sauri, biyar, shida, tun ba wanda ya tambaye ka, akwai magana. Mai gaskiya dalili guda ya ishe shi.

4. Da dare kafin barci ka yi wa kanka tambaya uku. Wa na cuta yau, da hannu ko da baki? Haƙƙin wa ke hannuna? Alherin da na yi, don wa na yi shi?

5. Ka yi aiki da karatun da ka koya. Ku da kunka shiga makarantar yaƙi da jahilci, kun samu makami babba. Zuciya tana mantuwa inda mantuwa ke da riba gare ta. Bashin da kake bi ba ka manta ko dala guda, wanda ake bin ka kuwa sai ya yi ta raguwa cikin kanka. Takarda ba ta da wannan hali. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ka samu ɗan littafi. Ka rubuta tiya nawa ka ara, wurin wa, wace rana. Ka rubuta dami nawa ka samu, nawa ka fitar. Zancen gona kuma, tun dokar karkara ta shekara ta 1993 an tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Saye, ko aro, ko jingina, ko kyautar gona, a yi takarda gaban mai gari da shaidu. Ranar sakin gonaki da hukuma ta tsaida, manomi ya kwashe kafin ta, makiyayi ya dakata sai ta zo.

6. Ka riƙe mutum guda mai faɗa maka gaskiya, kada ka yi fushi da shi. Ido ba ya ganin ƙeya. Mai gida, uwargida ta san halinka fiye da abokan hira. In ta yi magana, ka saurara.

7. In ka iske laifi, ka gyara tun da sauran lokaci. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudura ba ka komawa. In kuwa akwai haƙƙin wani, sai ka mayar masa ko ka nemi yafewarsa. Wanda ya ci burtali ya ja da baya kafin shukar baɗi. Wanda garkensa ya yi ɓarna ya tafi da ƙafarsa wurin mai gona kafin a biyo sawu. Mai gona kuma ya faɗi ɓarnar daidai yadda take, kada ya mai da dami 3 su zama 10. In ba a daidaita ba, ga mai gari, ga sarki, ga hukuma. Ba a ɗaukar sanda.

KASHEDI GUDA

Mun san abin da zai faru in an karanta wannan a dandali. Wani zai yi murmushi ya ce cikin ransa: wallahi kamar da wane ake. Manomi zai riƙe abin da anka faɗi a kan makiyayi, makiyayi ya riƙe abin da anka faɗi a kan manomi. To, wannan ita ce babbar tiyar ta sake fitowa. Ba a aiko mu binciken zuciyar kowa ba. Kowa tasa anka ba shi kiwo, a kanta kuma za a tambaye shi.

Kada kuma wani ya tsananta har ya shiga waswasi, ya ce shi ya lalace ba shi da gyara. Wannan ma wata dabara ce ta zuciya don a bar aiki. Gona ba ta rasa haki. Manomin kirki yana yin noman farko, ya komo ya yi maimai, baɗi kuma ya sake.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. A kai jaridar nan ruga, a kai ta cikin gida mata su ji. In a garinku akwai hanyar da kunka bi kunka daidaita manoma da makiyaya ba tare da faɗa ba, ku rubuto mana da hannunku, mu buga don wasu su amfana.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare mana bisashe, ya gyara zukatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.